Susar kai a bakin kasuwa: amosani ne, kora ce, ko ƙwarƙwata?

Duk wanda ya san Gaweye da sassafe ya san jerin matan da ke kama hanyar gadar Kennedy da kaya a ka, wata da kwandon salati da tumatir na lambunan bakin kogi, wata da robar kifi, wata kuma da ƙullin zannuwa za ta Babbar Kasuwa ko Katako. Tun da aka buɗe gadar nan a 1970 kan ƴa mace ke ciyar da gidaje da dama a Harobanda. To amma kan nan da ke ɗaukar gammo, yana rufe cikin adiko da hijabi tun asuba har magariba, a garin da zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce awo 40, shi ne kuma ba a cika samun lokacin duba lafiyarsa ba. Sai ƙaiƙayi ya yi ƙaiƙayi, mace ta tura yatsa ƙarƙashin adiko tana susa a gaban mai saye. In mai abinci ce ko mai fura, ta san abin da wannan susa ke jawo ma cinikinta, don mai saye ba zai ce komi ba, gobe dai sai ta hango shi a rumfar maƙwabciya.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, ƙaiƙayin kai alama ce kawai, kuma cututtuka da dama ke kawo shi. Akwai wanda sabunin wanke kai ke maganinsa, akwai wanda sai an sha ƙwayoyi na makonni, akwai kuma wanda maganinsa a sassauta kitso ne kurum. Wadda ba ta rarrabe su ba za ta yi ta zuba jikkunanta wajen mai tallan magani, ciwo kuwa yana nan. Shi ya sa a wannan fili za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Amosani

Amosani shi ne ya fi yawa, don masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin manyan mutanen duniya na fama da shi a wani lokaci na rayuwarsu. Ana gane shi da ɓawo mai kama da dusa, fari ko mai ɗan rawaya-rawaya da maiƙo, yana zuba a kafaɗa ko ya taru a tsagar kitso. In ya yi ƙarfi yakan sauko bayan kunne, da gira, da gefen hanci, a bar ma mai baƙar fata wasu wurare da suka yi haske-haske.

A fatar kowane mutum akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, dangin yis ɗin nan da ake sa ma ƙullun fanke. Sunanta Malaseziya, daga sunan wani likitan Faransa, Louis-Charles Malassez, wanda ya bayyana ta a 1874. Abincinta shi ne maiƙon da fatar kai ke fitarwa. In ta ci maiƙon sai ta bar wani saura da ke fusata fatar wasu mutane. Fatar mai lafiya takan ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta kanta, tsohuwar tana zuba kaɗan-kaɗan ba a gani. Ta mai amosani kuwa cikin mako guda ko ƙasa da haka take saɓa, shi ya sa take fitowa a dunƙule. Zufa, da rufe kai yana jiƙe, da daɗewa ba a wanke ba, da gajiya ko damuwa, duka suna ƙara masa ƙarfi. Ba a ɗaukar sa daga wani, don haka babu dalilin ƙyamar mai shi.

A nan ne mata da yawa ke yin kuskure da kyakkyawar niyya. Da an ga ɓawo sai a ce kai ya bushe, a lafta masa man gujiya, ko man zaitun, ko man shanu. Ɓawon zai kwanta na kwana biyu a ga kamar an samu sauƙi, alhali abinci aka ƙara ma ƙwayar. Bayan kwanaki sai ƙaiƙayin ya dawo ya fi na da.

Bushewar kai ta gaskiya daban take. Ita da hunturu take zuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙafafu da hannuwa ma ke yin furu-furu, leɓe na tsagewa. Ɓawonta ƙanana ne, farare, ba maiƙo. Wannan kam ɗan man kaɗe na yi mata amfani, tare da barin wanke kai da ruwa mai zafi ƙwarai, ko da garin sabunin wanki, ko ruwan kanwa, waɗanda ke kwashe ɗan maiƙon da ya rage ma fata.

Yadda ake maganin amosani

Maganinsa sabunin ruwa ne na wanke kai, wato shampo, mai ɗauke da sinadarin da ke rage yawan ƙwayar. Wanda aka fi sani shi ne ketokonazol mai kashi 2 cikin 100, da ake samu a farmasi da sunaye irin su Nizoral da Kétoderm. Akwai kuma mai sinadarin seleniyom irin su Selsun, da mai sikilopiroks, da mai piroktan olamin. Masu sayar da kayan kwalliya su lura: sinadarin zinki piritiyon da aka daɗe ana sa ma shampo na amosani, Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin kayan kwalliya tun watan Maris na 2022, ko da yake wasu ƙasashe na ci gaba da aiki da shi. Shi ya sa za ku ga kwalba iri ɗaya amma abin da ke ciki ya bambanta, gwargwadon inda ta fito.

Shampo mai kyau ma ba ya aiki in ba a bi ƙa'idarsa ba. Fatar kai ake shafa ma, don a can ciwon yake. A jiƙa kai, a zuba kaɗan a bi tsagar kitso da cikin yatsa, ban da farce, a bar kumfar ta zauna minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye. Wadda ta shafa ta wanke nan take, kuɗinta ta bi ruwa. Ana yin haka sau biyu a mako har mako 2 zuwa 4. In ya lafa sai a koma sau ɗaya a mako ko a mako biyu, don amosani ba ya ƙarewa gaba ɗaya, kwanciya yake yi ya jira a manta da shi.

Mun san mai kitso ba ta son wankin da zai tayar mata da kai. In sau biyu ba zai yiwu ba, kada dai a wuce mako guda ba a wanke ba a lokacin magani. Irin wannan shampo yana busar da gashi, don haka bayan wanki a shafa mai a jikin gashin da bakinsa, a ƙyale fatar. Sannan a bar kai ya bushe sarai kafin a ɗaura adiko. Wadda ke fita tun asuba, ya fi mata ta wanke da yamma ko ranar da ba ta zuwa kasuwa. Adiko da hular ciki da tsumman gammo su ma suna shan zufa da mai, a riƙa wanke su ana shanyawa a rana, kuma na auduga ya fi na leda barin iska ta shiga. Karkashin da iyayenmu ke wanke kai da shi yana da amfaninsa, yana sa gashi santsi ya sauƙaƙa tsifa da shata, kuma ba ya ƙona fata. Sai dai in amosani ya yi ƙarfi kada a tsaya gare shi kaɗai.

Kora, ciwon ƴan yara

In yaro ne ke susa, ɗan shekara 3 zuwa 14, kuma kika ga wani wuri a kansa ya yi da'ira, gashin wurin ya kakkarye, fatar ta yi toka-toka, to ki bar zancen amosani. Yaran da ba su balaga ba ba su cika yin amosani ba. Wannan kora ce, wadda wasu ke kira makero. Wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna da ke shiga cikin silin gashi tana ci. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya tattara sakamakon ƙasashen Afirka da dama, ya ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar a nahiyar nan na ɗauke da ita.

Ita kam ana ɗauka. Tana bin askar wanzami da injin aski, da mataji, da hula, da matashin kai, da tabarmar da yara ke kwana tare a kai. Wani nau'inta daga dabbobi yake zuwa, kyanwa, ko kare, ko maraƙi mai fararen tabbai a jiki. Duk inda yara suka cunkushe, ajin lakwal ne ko makarantar allo, ko irin zaman da ambaliyar 2020 ta tilasta ma iyalai da yawa na Harobanda cikin ajujuwa da tantuna, nan take samun hanya. Babbar mace ma takan ɗauke ta a kai ba tare da wata alama mai yawa ba, ta yi ta mayar ma yaran gida bayan sun warke.

Abu mafi muhimmanci game da kora shi ne, shafe-shafe kaɗai ba ya kashe ta, saboda tana cikin gashi har saiwarsa, inda mai ba ya kaiwa. Dole sai an sha magani. Wanda aka daɗe ana aiki da shi shi ne girizofulbin, tun 1958, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana shan sa kullum har mako 6 zuwa 8, tare da abinci mai maiƙo ko madara, don ta haka jiki ke karɓar sa sosai. Akwai kuma tarbinafin, wanda galibi mako 4 ake sha. Likita ne zai zaɓa, kuma da nauyin yaro ake auna yawan maganin, don haka ba abin da za a saya a tire ba ne. Mai ciki ba ta shan girizofulbin, kuma yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, saboda haka macen da aka rubuta ma shi ta gaya ma likita halin da take ciki.

Inda iyaye ke faɗuwa shi ne wajen cika kwanakin. Bayan mako biyu ƙaiƙayi ya tafi, wurin ya yi kyau, sai a ce a ajiye sauran kuɗin. Wata guda sai ta dawo, a sake sabon lale. Wadda ta fara, ta kai ƙarshe. A haɗa da wanke kan yaron da shampo na ketokonazol ko seleniyom sau biyu a mako don rage yaɗuwa, a duba kawunan sauran yaran gida, a wanke mataji da huluna da rigar matashi da ruwan zafi. Da ya fara shan magani yana iya komawa lakwal.

Wani lokaci korar takan kumbura ta yi taushi kamar maruru, tana tsatsar mugunya, har kaluluwa ta fito a wuya. Kada a kai ma wanzami ya tsaga, don ba maruru ba ne, kuma tsagawa ba ta warkar da shi. A kai yaro likita a ranar. In aka yi jinkiri saiwar gashin na mutuwa, wurin ya zama tabo, gashi ba zai sake fitowa ba har abada. Ku tuna da ƴarinyar da za ta girma da wannan tabo a tsakar kai. Haka nan baƙin man mota, da man birki, da garin batir, da tafarnuwar da ake dakawa a ɗaure a wurin, babu abin da suke yi sai ƙona fata.

Ƙwarƙwata, da gubar da ake zuba mata

Ƙwarƙwata ƙwaro ce da ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, mai ƙafa shida, tana shan jini a fatar kai. Ba ta tashi sama, ba ta tsalle, rarrafe take daga kai zuwa kai in an haɗa kawuna, ko ta bi mataji da adiko. Ba ruwanta da tsafta ko ƙazanta, kan ƴar Hajiya da na ƴar talla duk ɗaya ne a wurinta. An fi samun ta a ƙeya da bayan kunne. Hanyar rarrabe ƙwanta da amosani mai sauƙi ce: amosani in kin kaɗe shi zai faɗi, ƙwan ƙwarƙwata kuwa a manne yake da silin gashi sai an ja shi da farce.

Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. Babbar takan rayu kusan wata guda a kai, amma in ta faɗo ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu. Wannan lissafi shi ne sirrin maganinta. Magungunan farmasi, irin mai permetirin kashi 1 cikin 100 ko mai dimetikon, suna kashe masu rai amma wasu ƙwai na tsira, don haka dole a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, kafin sababbin su girma su yi nasu ƙwan. Wadda ba ta da kuɗin magani tana iya tsefe kan, ta jiƙa shi, ta sa abin da zai ba shi santsi, ta bi shi kashi-kashi da mataji mai ƙananan haƙora, duk bayan kwana 3 ko 4 har mako biyu. Aiki ne na haƙuri amma yana ci. A duba duk mutanen ɗaki rana ɗaya, a wanke zannuwan gado da adikai da ruwan zafi a shanya a rana.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi kowane nauyi a wannan shafi. Kada a kuskura a zuba ma kai maganin ƙwarin gona ko na sauro, irin su fiya-fiya da Sniper, ko kananzir, ko fetur. Sinadarin dikulorbos da ke cikin irin waɗannan magunguna yana ratsa fata ya shiga jini, balle kan da susa ta riga ta farfasa, kuma aka ɗaure shi da leda aka kwana. Alamun gubarsa su ne dalalar miyau, da zufa, da amai, da ƙuncin numfashi, da karkarwa. A 2019 jaridun Najeriya sun ba da labarin wata budurwa da ta rasu bayan ta sa Sniper a kai don kashe ƙwarƙwata, kuma a shekarar ce hukumar NAFDAC ta can ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da kantuna. Kananzir kuwa, ban da ƙona fata, ya isa a ce mace ta matso kusa da murhu. In tsautsayi ya sa an riga an zuba, a wanke da ruwa mai yawa da sabuni nan take, a ruga asibiti da kwalbar a hannu. Garin neman gira kada a rasa ido.

Kitso, man miƙar da gashi da rini

Akwai ƙaiƙayin da mu muke sayen sa da kuɗinmu. Kitson da aka ja har gira ta ɗaga, mace ta kasa kwanciya a daren sai ta sha maganin ciwon kai, yana fitar da ƙananan ƙuraje a bakin goshi da ƙeya. Waɗannan ƙuraje kukan saiwar gashi ne. In aka ci gaba shekara da shekaru, gaban goshi da gefen kunne sai su yi ta ja da baya. Binciken da Farfesa Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka wallafa a 2007 daga birnin Kef na Afirka ta Kudu ya samu irin wannan zubewar gashi a kan kusan mace ɗaya cikin uku da aka duba, kuma abin ya fi tsanani ga waɗanda suka yi kitso mai ja a kan gashin da aka sa ma man miƙarwa. Da farko gashin na dawowa in an sassauta. In saiwar ta mutu kuwa, babu man da ake talla a kasuwa da zai tashe ta.

Don haka in kitso ya yi zafi, ki ce ma makitsiya ta sassauta tun kina zaune, ba rashin kunya ba ne. Kitson ƙari da mesh kada ya wuce mako 6 zuwa 8, a tsefe a bar kai ya huta kafin a sake, kuma a riƙa sauya salon tsaga. Ƴan mata ƙanana kitson sallah bai kamata ya sa su kuka ba.

Man miƙar da gashi, wanda ake ce ma defirizan, yawancinsa yana ɗauke da sinadari mai ƙarfi dangin sodar da ake haɗa sabuni da ita. In ya taɓa fata ya daɗe, ƙuna ce sosai, ta yi ɓawo, a ɗauka amosani ne. Ba a sa shi a kan da ke da ƙuraje ko wanda aka sosa, ba a wuce mintocin da aka rubuta a kwali, ba a maimaitawa kafin wata biyu, kuma sabon tsiro kawai ake shafa ma. Zancen wai sai ya yi zafi ya kama, shi ya raba mata da yawa da gashinsu.

Baƙin rini na gashi, da abin da ake kira baƙin lalle, galibi suna ɗauke da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PPD. Jikin wasu ba ya karɓar sa: bayan kwana ɗaya ko biyu kai ya yi ja, ya yi ruwa, fuska da fatar ido su kumbura. Wadda ta taɓa yin haka sau ɗaya, ta bar shi har abada, don karo na biyu ya fi muni. Kafin a yi rini a gwada ɗigo a bayan kunne a jira kwana biyu. Jan lallenmu na ganye ba kasafai yake kawo wannan ba.

Waɗanda ke kama da amosani

Akwai wata cutar fata da likitoci ke kira soriyazis. Ɓawonta mai kauri ne, fari kamar azurfa, yana da iyaka a fili, yakan ƙetare bakin gashi zuwa goshi, kuma sau da yawa ana samun irinsa a gwiwar hannu da ta ƙafa. Ba a ɗaukar ta, amma tana tafiya tana dawowa, kuma maganinta sai likitan fata.

Jarirai kuma sukan yi wani ɓawo mai maiƙo a tsakar kai cikin watannin farko. Ba ya damun su, kuma yakan tafi da kansa kafin shekara. A shafa ɗan mai ya yi laushi, a wanke da sabunin jarirai a hankali. Kada a ɓamɓare shi da farce.

Amosanin da ya zo farat ɗaya da ƙarfi, ya mamaye fuska da ƙirji, ya ƙi jin magani, wani lokaci alama ce cewa garkuwar jiki ta yi rauni, har da ta dalilin cutar sida. In likita ya ce a yi awon jini kada a ji haushi, aikinsa yake yi. Maza kuma masu fama da ƙuraje masu tauri a ƙeya, su bar askin ƙwal-kwabo da reza a wurin, su nemi likita tun kafin su zama tsiro.

Ga masu sayarwa, da makitsa, da wanzamai

Da yawa cikin masu karanta wannan shafi su ne ke sayar da mayukan nan. Akwai ƙananan tub na man shafawa masu ɗauke da sinadaran kilobetazol ko betametazon, waɗanda ake saye don hasken fata, ake kuma miƙa ma duk wanda ya zo da ƙaiƙayi. Suna kwantar da ƙaiƙayi da sauri, gaskiya ne. Amma in kora ce, ɓoye ta suke yi tana yaɗuwa a ƙarƙashi, har likita ya kasa gane ta. In aka daɗe ana shafawa kuma fata na yin siriri. Uwar da ta zo rumfarki da yaro mai da'ira a kai, alherin da za ki yi mata shi ne ki ce ta kai shi likita. Ribar dala ashirin ba ta kai kan yaro ba, kuma wadda kika gaya ma gaskiya yau ita ce mai sayenki ta gobe. A riƙa duba ranar lalacewar kaya, a kuma kawar da su daga rana, don zafi na kashe ƙarfin magani.

Makitsiya ita ce ta fi kowa ganin fatar kan mata, har ta fi mai kan. In kin ga ƙwai, ko da'ira, ko ƙuraje masu ruwa, ki ja mai kan gefe ki gaya mata a asirce. Ki wanke mataji da tsinken tsaga da sabuni bayan kowane kai, ki jiƙa su cikin ruwan jabel da aka sirka. Ya fi kyau ma kowace mace ta zo da nata. Wanzami kuma sabuwar reza ga kowane kai, injin aski a kakkaɓe gashin a goge da alkol. Wannan ya wuce zancen kora, don reza ɗaya na iya ɗaukar ciwon hanta daga jinin wani zuwa na wani.

Yaushe za a je likita

A je likita in yaro ne gashinsa ke kakkaryewa, in akwai kumburi ko mugunya ko zazzaɓi, in gashi na zuba wuri-wuri, in fuska ta kumbura bayan rini, ko in an yi wata guda ana shampo bisa ƙa'ida ba sauƙi. A fara da likitar unguwa, wato CSI. Mutanen gundumar Yamai ta biyar suna da asibitin Gaweye kusa da su, da babban asibitin Amirou Boubacar Diallo na Lamorde, sannan a cikin birni akwai cibiyar ƙasa ta cututtukan fata da kuturta, wadda aikinta ke nan. Sunan kuturta kada ya tsorata kowa, kowace irin cutar fata ake dubawa a can. A tuna kuma tun 2006 gwamnati ta shigo da tsarin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, a 2024 kuma aka rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati.

Ranar da za a je, a tsefe kitson, kada a shafa mai ko wani magani, don likita ya ga fatar yadda take. A tafi da kwalabe da tub ɗin duk abin da aka riga aka shafa. In an rubuta takardar magani, a saya a farmasi, a tambayi mai farmasin ko akwai irinsa mai sauƙin kuɗi, don sau da yawa akwai. Rabin yini ɗaya da za a bar ma maƙwabciya jiran rumfa ya fi watannin da za a yi ana susa ana sayen abin da ba ya magani.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.